Tafin Hannun Yaya

Yayana bakaniken manyan motoci ne, kuma a gareji ba mai kiransa da sunan yanka, sai Tsaye. Ko abinci a tsaye yake ci, yana tauna yana leƙen ƙarƙashin motar da ba shi aka kawo wa ba. Ni direba ne, autan gidanmu. Tun ina ƙarami nake shan faɗansa, ga shi har furfura ta fito mini a gemu bai gaji ba.

Aikin da aka san shi da shi canjin boris ne, ƙarfen nan mai 'ya'ya da taya ke juyawa a kansa. In ya cinye za ka ji taya na gurnani, in ka yi kunnen ƙashi wata rana ta bar ka ta yi gaba ita kaɗai. Yaya zai ɗaga mota a jak, ya cire tayoyi, ya zare hob, wato kaskon da tayoyin ke ɗaure a jiki. Ya fitar da tsohon boris da guduma, ya wanke wurin da kananzir, ya cusa wa sabon giris. Sai ɗaurin noti, kuma a nan gizo ke saƙar. In ya yi sako-sako taya ta yi rawa, in ya matse boris ya ɗau zafi ya ƙone. Shi da yatsu yake gane daidai.

Kuma ba ya sallamar mota a gareji. Dole ya hau gefen direba a fita bayan gari, a tsaya, ya sauka ya dafa hob da tafin hannu. In ɗumi kawai ya ji, ya ce Allah ya kiyaye hanya, ya nemi abin hawa ya koma. Direbobi su yi ta gunaguni yana ɓata musu lokaci, gobe kuma su ne a layi.

Bana matarsa ta ja ni gefe ta ce likita ya faɗa masa ciwon suga ya fara kashe masa jijiyar hannu. Kofin shayi na tiriri yake riƙewa bai sani ba, maɓallin riga ma ita ke saka masa. In aka raba Yaya da hannun nan ban san me ya rage masa ba. Na je na yi masa maganar a hankali, ya hayayyaƙo mini.

“Kai da ba ka san sifana da cokali ba, kai za ka koya mini hannuna?”

Sai ga tayar baya ta motata ta fara gurnani, ga lodin siminti an ɗora. Na yi tunanin kai ta wani garejin a ɓoye, amma in ya ji ai na kashe shi da ransa. Na kai masa. Ina zagaye ina kallo ya ɗaure notin, ya juya hob, ya ƙara ɗaurewa, sifana ta suɓuce masa ya ɗauka da sauri yana satar kallona.

Muka fita. Yana ta mutsu-mutsu a kujera, kunnensa a taga. Da muka wuce gidan mai na ƙarshe ya ce in tsaya. Ya dafa hob, ya daɗe, ya ce, “Lafiya lau. Kama hanya.”

Ni kuwa ƙaurin giris nake ji. Na tofa yawu a kan ƙarfen, ya yi cau ya bushe. Na fizgo hannunsa na juya, tafin ya yi jawur, fatar har ta fara tashi. Ya tsaya yana kallonsa kamar na wani ne. Da na yi niyyar balbale shi da faɗa, amma tausayi ya hana ni.

“Ɗauko jak,” ya ce a hankali.

A bakin titin muka jira ƙarfe ya huce, muka sake kwancewa, motoci na watsa mana iska. Allah ya taimaka boris bai ƙone ba. Ya naɗe hannunsa da tsumma ya tsaya a kaina, ni ke ɗaurewa. “Sassauta kaɗan. Juya. Jijjiga. Me ka ji?” Ina faɗa yana saurare, bai zage ni ko sau ɗaya ba, kuma wallahi na fi son zagin.

Muka ƙara gaba, muka sake tsayawa. Ya riga ni sauka, ya kai hannu wajen hob, sai ya janye.

“Auta, zo ka taɓa mini.”

Na dafa. Na ce ɗumi ne kawai, Yaya.

“Ka tabbata?”

Na ce na tabbata. Ya gyaɗa kai, ya juya yana duban hanyar komawa gari.

“Akwai wata tirelar da zan yi wa gobe,” ya ce. “Kai yaushe za ka dawo?”