Sabulun Kirsimeti

Ko tsufa ya cinye mini ƙwaƙwalwa, ba ni mance ranar da anka fidda ni daga layin jarrabawa saboda riga.

Zamanin farar hula ne na biyu, kaya sun ɓace a kasuwa. Ka zagaye Bodinga kaf ba ka samun ko gutsuren sabulu. Ina aji shida a wata 'yar makarantar 'yan Lutheran, wadda wasu malamai daga wajen Adamawa sunka buɗe. Gaskiya sun iya koyarwa, kuma ba su taɓa hana ni salla ba. Amma doka! Kai a aske, farce a yanke, riga fara fat da bajon makaranta a ƙirji.

Ana gobe jarrabawar zaɓen waɗanda za a tura sakandare, Inna ta daka ɓawon aduwa ta wanke mini riga da shi. Ta murza har hannunta ya yi ja. Riga ta fita tsaf, sai dai launinta ya koma na kunu.

Da safe Hedimasta ya biyo layi da bulala a hammata, ya tsaya kaina.

"Wannan ce farar rigar?"

"Ranka shi daɗe, wankakka ce. Sabulu ne babu."

"Fita."

Abin da ke ƙona mini rai har yau, sabulu na nan katan-katan a sito bayan ofishinsa. Mu munka sauke shi daga mota da kawunanmu. Coci ta aiko wa ɗalibai, amma doka ta ce ba a rabawa sai Kirsimeti.

Malamar ajinmu, Allah shi saka mata, ta ruga gida ta ɗauko rigar ɗanta. Na sa, ta matse ni har maɓalli na shirin tsinkewa. Hedimasta ya duba ƙirjina ya ce, "Ina bajo?"

"Haba Maigida," in ji Malama, "yaron nan shi ke zuwa na ɗaya a lissafi!"

"In na sassauta wa ɗaya, gobe kowa ya zo da buhu a jikinsa."

Na tuɓe rigar, na miƙa mata, na fita. Ban tsaya ba sai gonar albasar kawuna a Dandin Mahe. Malama ta aiko, Baba ya yi faɗa, ban koma ba.

Da Kirsimeti sai ga wani abokina ɗan ajinmu da sabulu, wai rabona ne, doka ta ce duk wanda ya fara zango yana da kaso. Inna ta karɓa. Ta wanke rigar nan tawa ta yi fari ƙal, da ita na yi lodin albasa har ta yage.

Tun ran nan na gane, in doka ta fi ganin riga a kan yaron da ke cikinta, zalunci ce kawai. Yau ina da motar dakon albasa tawa da yaran mota, kuma kafin in kori ɗaya sai na tambaye shi abin da ya faru a gidansu.