Malam Inuwa Dangora da Badujalar Wakilai

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Malam Inuwa a garin Dangora ta ƙasar Kiru a shekarar 1963. Mahaifinsa, Malam Idris, manomi ne, mahaifiyarsa Hajara kuwa 'yar asalin Bebeji ce. Bayan karatun allo an sa shi firamare a Kiru a 1971, a nan ya fara ganin 'yan fareti da ganga da begila, abin ya shiga ransa bai ƙara fita ba. Ya kammala kwalejin horon malamai a 1983.

Aiki da aure

Ya koyar a ƙauyukan Tudun Wada da Doguwa, ya auri Lubabatu a 1986, sannan aka maido shi gida a 1998.

Kafa ƙungiya

A shekarar da ya dawo ya kafa ƙungiyar badujala ta sa kai, domin zagayen Mauludi da walimar saukar karatu. Magidanta manoma suka shiga da zumuɗi, aka sayo ganguna da begila, aka ɗinka wa kowa kaki, aka tsayar da Alhamis bayan la'asar ranar gwaji. Kowa ya ce in sha Allahu. Amma in ranar ta zo, sai a ji wane yana shuka, wane ya kai tumatir kasuwa, wane kuma ya tafi gaisuwar mutuwa Bebeji. Babu wanda ya taɓa cewa ya fita, babu kuma mai zuwa.

Da abin ya ishe shi, a 2001 ya ce duk wanda ya ƙara fashi ya ajiye kakinsa. Sai amininsa Balarabe, mai babbar ganga, ya ce, "Haba Malam, ai ko gayya ce, in mutum bai samu zuwa ba ƙaninsa yake turawa, kuma a ce ya zo." Malam Inuwa ya ga lallai haka ake yi a gayya da suna da ɗaurin aure, don haka ya amince. Tun daga ranar fili ya cika da ƙanne da 'ya'ya, har da wanda ya turo surukinsa. Malam ya yi murna ƙwarai, ya duƙufa ya koya musu har hannunsu ya faɗa.

Mauludin 2002

A wannan shekara aka gayyaci ƙungiyar zagaye a Kiru. Da safe sai ga masu kaki sun fito tsaf, sun sha guga, kowa ya karɓe gangarsa daga hannun wakilinsa. Ƙani kuwa ba ya musu da wansa a bainar jama'a, saboda haka waɗanda suka iya kiɗan suka koma gefen titi suna kallo. Ganga ta yi gabas, begila ta yi yamma, ɗaliban Islamiyya da ke biye suka rasa ƙafar da za su jefa, Malam Inuwa yana gaba da sandarsa, sai waiwaye yake yi, gumi na karyo masa. Har yau mutanen Kiru ba su daidaita a kan wane take aka kaɗa ba.

Shekarun baya

Daga nan ya ɗauki burin tara su duka wuri guda, ko sau ɗaya ne, a tantance wane ne ɗan ƙungiya, don ya san wanda zai damƙa wa ita. Abin ya gagara. Masu kaki suka dage cewa ba su taɓa fashi ba, tunda suna turawa. Wakilai suka ce su aiko su aka yi, ba za su sa kayan yayyensu suna raye ba. Da wakilan suka yi aure hidima ta yi musu yawa, sai su ma suka fara tura nasu wakilan. Ko bayan ya yi ritaya a 2018 bai fasa kiran taro ba, kuma kowane taro sababbin fuskoki yake gani. Abin yana cin ransa, yakan ce, "Ni dai na san ina da ƙungiya, su wane ne a ciki, Allah masani."

Rasuwarsa

Allah ya yi masa rasuwa a 2023, bayan gajeriyar jinya. An yi masa salla a ƙofar gidansa bayan azahar, aka kai shi makwancinsa a maƙabartar Dangora. Masu kaki da wakilansu da wakilan wakilansu duk sun zo da ƙafarsu, babu wanda ya tura wani. Balarabe ya dubi jama'ar, hawaye ya ƙwace masa, ya ce, "Yau kam ga mu mun cika, Malam."

Ya bar matarsa Lubabatu da 'ya'ya biyar: Kamaluddin, Hafizu, Nusaiba, Mujitaba da Shamsiyya. Allah ya jiƙansa da rahama.