Tambayar da Ta Kwashe Mini Rabin Aji

Shekaru sun shuɗe, na riƙe lakol, wato makaranta, har uku a matsayin darakta, na ga abubuwa da yawa waɗanda ko an tuna mini su yanzu sai na yi dogon tunani. Amma akwai mako guda cikin zaman da na yi a wani ƙauye kusa da Cadakori, wanda har in koma ga Allah ba zai fita daga raina ba.

Ni mutuniyar Gazawa ce. Na yi shekara tara ina koyarwa a firamare a Agye kafin Allah ya ba ni damar komawa jami'a in karanci shugabancin makarantu, wato yadda ake riƙe lakol a cikin jama'a iri-iri, birni da ƙauye, manoma da makiyaya. Karatun ya shiga raina ƙwarai. Kullum ana nanata mana cewa darakta ba mai gadin buro, wato ofis, ba ne, dole ya san mutanen da ƴaƴansu ke hannunsa. Na haddace wannan, na ci jarrabawa a kansa, har na fara jin cewa duk daraktocin da na yi aiki a ƙarƙashinsu ba su san aikinsu ba.

A shekarar ƙarshe aka tura kowannenmu istaj: ya je wata lakol ya zauna wata biyu, ya duba yadda ake tafiyar da ita, ya rubuto abin da ya gani. Ni aka ba ni wannan ƙauyen na yankin Gidan Rumji. Unguwa biyu ce a garin. Akwai tsohon gari, gidajen da suka daɗe a wurin, masu dangi a Tibiri. Akwai kuma unguwar arewa, waɗanda kakanninsu suka gangaro tare da makiyaya, suka zauna suka kama noma. Masallacinsu ɗaya, kasuwarsu ɗaya, Hausarsu ɗaya. Baƙo ba zai ga wani bambanci ba, ni ma ban gani ba.

Daraktan lakol ɗin dattijo ne siriri, mai ƙarancin magana, ana ce masa Mushe kamar yadda ake kiran malamai maza, saura masa shekara biyu ya aje aiki. Da safe ba a buro yake zama ba, a bakin ƙofa yake tsayawa yana gaisawa da masu wucewa, yana tambayar wannan jikin matarsa, wancan ko ya gama ɗaure gero. A kayena, wato littafin rubutuna, na rubuta cewa ba ya da tsarin aiki a rubuce. Har yau idan na tuna wannan layin kunya nake ji.

Na shirya takardar tambayoyi da zan ba ƴan babban aji su cike, don in san irin gidajen da suka fito. Na kai masa ya gani. Ya sa tabarau, yana bin layi da yatsa, sai yatsan ya tsaya.

"Madam, wannan ta bakwai ɗin, ba a barinta?"

Tambayar ita ce: daga ina kakanninku suka zo, kuma wace sana'a suke yi?

Na ce, "Ai Mushe, ita ce ma gishirin binciken. Ba a fahimtar al'umma sai an san asalinta."

Ya dube ni, ya dubi tambarin jami'a da ke saman takardar, ya ce, "To."

Ranar Talata na raba takardun. Yara suka duƙa suna rubutu, ni ina zagawa. A benci na biyu akwai wata yarinya ƴar unguwar arewa, wadda a lissafi babu mai kama ƙafarta a ajin. Ta cike komai ta bar ta bakwai. Cikin fara'a na ce mata, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Ke da kika fi kowa ƙwaƙwalwa, ba ki san daga inda kakanninki suka zo ba?"

Ta sunkuyar da kai. Sai wani yaro daga bayan aji ya ce, "Madam, ba za ta rubuta ba. Su bayi ne."

Wasu suka fashe da dariya. Sauran kuwa, kusan rabin ajin, suka yi tsit. A lokacin ne na fara ganin unguwanni biyun nan, a cikin ɗaki ɗaya, kowa da bencinsa. Na tsawata, na ce a yi shiru, amma magana ta riga ta fita. Yarinyar ta aje bik ɗin da take rubutu da shi a kan takardar, ta ɗauki jakarta, ta fita ba gudu ba, ba kuka ba.

Washegari babu ɗan unguwar arewa ko ɗaya a babban aji. Ranar Alhamis har ƙananan azuzuwa suka yi fili. Kuma wata biyar ya rage a yi jarrabawar fita firamare.

Na shiga buro. Na ce wa darakta a kira taron iyaye, in tsaya in yi bayani cewa bincike ne na ilimi, ba da nufin cin mutuncin kowa ba. Har na fara tsara abin da zan faɗa.

Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Madam, zauna. Shekara huɗu na yi ina zirga-zirga unguwar nan kafin su ba ni ƴaƴansu. Abin da suka ce mini ɗaya ne: muna tsoron a gaya wa yaranmu maganar da muka gaji da ji. Na ɗaukar masu alkawari."

Na fara kuka. Ya ce, "Laifin ba naki ba ne ke kaɗai. Na ga ramin, na bar ki kika taka, don ina jin nauyin takardunki. Da na hana ki, da ba mu zo nan ba."

Ya ce babu taro. Ya ce idan na tara su a aji na ce ba nufina ba ne, na ɗauke maganar daga kan ciwonsu na maida ita kan kaina. Ya ce kuma ni baƙuwa ce, bayan mako uku zan tafi, haƙurin da zan bayar zai tafi tare da ni. Kalmar daga wani gida ta fito a garin nan, can za a fara.

Gidan kuwa na wani Alhaji ne, babban mutum a tsohon gari, shugaban iyayen yara, kakan wanda ya yi maganar. Na bi darakta har zaure, na tsuguna daga gefe. Bayan doguwar gaisuwa, darakta ya faɗi abin da ya kawo mu.

Alhaji ya ce, "Mushe, maganar yara ce. Zan sa a zane shi."

"Kar a taɓa shi, Alhaji. Yaro bai ƙirƙiri kalmar nan ba. A gida ya ji ta."

Fuskar Alhaji ta canza. "Gidana kake nufi?"

"Gidajenmu duka nake nufi, har da nawa. Amma naka ne babba. Kai ne idan ka taka ƙafa unguwar can, za a san gari ne ya zo."

Alhaji ya kaɗe rigarsa ya shige gida, ko sallama bai yi mana ba. Na ce a raina shi ke nan, na rushe wa dattijon nan aikin shekaru. Amma da yamma darakta ya koma ya gaishe shi, washegari ma haka, bai sake tayar da maganar ba ko sau ɗaya.

Ni kuwa ya ce in je wurin kakar yarinyar. "Kar ki ɗauki kaye, kar ki ɗauki bik. Idan an bar ki tsaye, ki tsaya. Idan an yi magana, ki saurara."

Na same ta a tsakar gida tana ɓare gyaɗa. Na yi sallama, ta amsa ba ta ɗago ba. Na tsuguna. Ƙafafuna har suka yi tsami ba ta ce in zauna ba. Da na ga haka, na miƙa hannu na ɗebi gyaɗar na fara ɓarewa. Muka daɗe muna ɓarewa.

Can ta ce, "An ce kin yi karatu mai zurfi."

Na ce, "Inna, na yi kuskure. Ki yafe mini."

"Can inda kuke karatun, ba a koya maku wanda ake tambaya ba? Abin da kika nema ni nake da shi, ba jikata ba. Mi ta sani? Da kin zo nan kin zauna kamar yadda kika zauna yanzu, da na hwaɗa maki."

Kuma ta faɗa mini, ba tare da na sake tambaya ba. Ta ce uwarta ta tatsi raƙuman da ba nata ba, ta daka hatsin da ba ta da ikon ɗiba ta ba ɗanta. Ta ce lokacin da fari ya zo ya kashe dabbobi, kowa ya kama gabansa, iyayenta suka gangaro nan da ƙafa, suka share dajin da babu mai so.

"Ni a nan aka haife ni, a nan na binne mijina, gonar da muke ci hannunmu ya yi ta. Na sa yarinyar nan lakol ne don wata rana a kira ta da sunanta, ba da na kakanninta ba. Sai ga shi a lakol ɗin aka tuna mata."

Na ce ina son ganin yarinyar. Ta ce yarinyar ta tafi Sae Sabuwa wurin gwaggonta tun jiya, ta rantse ko za a yanka ta ba za ta sake shiga ajin nan ba. Da zan tafi tsohuwar ta ƙulla mini gyaɗa a leda ta ce, "Tahi, ɗiyata. Allah ya shirye mu baki ɗaya."

Ranar Asabar bayan la'asar aka ga Alhaji ya sa babbar riga, shi da darakta, sun nufi unguwar arewa. Ba na wurin, zaman maza ne, kuma darakta bai taɓa gaya mini abin da aka faɗa ba. Abin da na sani shi ne ranar Litinin yara suka fara dawowa, biyu-biyu, uku-uku, kafin ƙarshen mako benci ya cika. Wurin yarinyar ne kawai ya zauna fili.

Darakta bai tilasta a dawo da ita ba. Ya tattara takardunta, ya hau moto ya kai su Sae Sabuwa da kansa, ya roƙi takwaransa na can ya karɓe ta don kar ta rasa shekarar. Daga baya ya aiko mini cewa ta ci jarrabawa ta wuce gaba. Ban sake ganinta ba. Haƙurin da ya fi cancanta in bayar, har yau yana bakina.

Da na koma jami'a ban kai takardun tambayoyin nan ba. Na zauna na rubuta abin da ya faru, tun daga kan kuskurena, ina tsammanin za a ce in sake istaj. Malamin da ke duba aikina ya karanta, ya ce in tsaya gaban abokan karatuna in ba su labarin da bakina. Na kuwa yi.

Abin da na koya a ƙauyen nan shi ne, sanin jama'a ba tattara bayanansu ba ne. Kowane gari yana da ciwon da ya lulluɓe don a zauna lafiya, kuma mai riƙe da lakol amana aka ba shi ta wannan ciwon tare da ƴaƴan. Tun daga lokacin, duk inda aka tura ni, kafin in tambayi yaro wani abu game da gidansu, sai na fara zuwa na gaida gidan. Idan kuma wanda ya daɗe a wuri ya ce mini a bar wani abu, ko da a hankali ya faɗa, ina tsayawa in tambaye shi dalili.