Layi Dubu Huɗu na Kawu

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya yi shekara talatin a ofishin zanen taswira, kuma abu ɗaya ya yi da yake so a riƙa tunawa. Ofishin ya sayi ƙatuwar na'urar zane mai alƙalami takwas, kwamfuta ta ƙi gane ta. Kawu ya zauna wata biyar ya rubuta mata direba, wato rubutun da ke koya wa kwamfuta yadda za ta sarrafa na'ura. Ya aika wa masu wata babbar manhajar kwamfuta ta kyauta da kowa ke iya sa hannu a cikinta. Suka karɓa, suka sa shi a zuciyar manhajar, suka rubuta sunansa a jerin masu kulawa. Aiki ne mai kyau, ban hana shi ba. Yau shekara ashirin da shida ke nan.

Kamfanin da ya ƙera na'urar ya rufe. Ofishin ya fitar da ita waje, Kawu ya ɗauko motar kaya ya kai ta gida. Suna dai yana nan a jeri, kuma ba a zama da Kawu minti goma bai faɗa ba.

Ni gyaran kwamfuta nake yi, ranar Asabar kuma ina taya masu manhajar shara. Al'adarmu ita ce, in direba ya tsufa sai a aika saƙo a tambaya ko akwai mai amfani da shi. In aka ji shiru, a cire. Sau biyar ana tambaya kan na Kawu, sau biyar yana amsawa cikin awa ɗaya: "Ina raye." Sai ya biyo da gyara, ya matsar da waƙafi, ya daidaita bakin layi, ya koma ya kwanta. Mu kuwa duk sanda aka taɓa wani abu a manhajar, mu ne masu bin layukan rubutunsa dubu huɗu muna lallaɓawa kada su karya aikin wasu.

A karo na shida shugabar sashenmu ta gaji. Ta ba da wata ɗaya: a nuna direban yana aiki a kan na'ura ta gaske, ko a cire shi da sunan mai shi. Da ta ji ɗan'uwana ne, ta ce to ni zan gwada.

Na tono tsohuwar kwamfuta a shagona, na isa gidan da hantsi. Na'urar tana bayan ƙofar kicin, tukwane jere a kanta.

"Ka zo ɗaukar ta?" in ji Inna, matar Kawu. "Allah Ya yi maka albarka."

"Ke dai ba ki san darajar abu ba," Kawu ya ce. "Wannan ta zana rabin titunan da kike takawa."

"To ta zana wa kanta hanyar fita, Malam."

Muka sauke tukwane, muka goge maiƙo, na haɗa wayoyi. Kawu yana tsaye a kaina yana ba ni tarihin kowane alƙalami. Na kunna, na'urar ta yi gurnani ta farka, lafiyarta ƙalau. Direban ne ya ƙi tashi.

"Kun lalata mini shi da shisshiginku," in ji shi.

Na buɗe tarihin gyare-gyaren, don a aikinmu ba abin da ke ɓata, kowane gyara da sunan mai shi da ranarsa. Na bi baya har na samu. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, garin daidaita bakin layi, wani ya share layin da ke tayar da na'urar. Na juya masa allon. Ya sa tabarau, ya karanta sunansa, ya cire tabarau.

Tun ranar direban bai yi aiki a ko'ina ba, kuma duk faɗin duniya ba wanda ya yi ƙorafi. Mu ma da muke ta lallaɓa shi ba wanda ya taɓa kunnawa. Muna dai duba ko rubutun ya haɗu, sai mu sa hannu.

"Kawu, layi ɗaya ne," na ce. "Yanzu zan mayar, sunanku ya tsaya. Amma doka ta canza. Duk sabuwar fitowar manhajar sai kun kunna na'urar kun aika sakamako."

"Sau nawa a shekara?"

"Biyar, wani lokaci shida."

Ya dubi tukwanen da ke ƙasa, ya dubi wayoyin, ya dafa ƙugu.

"Wanda ya cire direba fa, ana rubuta sunansa?"

"Ana rubutawa."

"Da yawan layin?"

"Har da shi."

"Matsa, ɗan nan."

Ya ja kujera ya zauna. Sharewar ba ta kai minti biyu ba, amma bayanin da ya rubuta a sama ya ci awa guda, sai da na rage masa kashi uku cikin huɗu. Bai ambaci layin nan ɗaya ba, ni ma ban tuna masa ba. Shugabar ta amsa washegari da kalma biyu: "An karɓa." Aka mayar da sunansa jerin waɗanda ake gode wa, inda ba a tambayar kowa komai.

Yanzu in ka zauna da shi zai gaya maka cewa bana ba wanda ya kai shi aiki a sashen, layi dubu huɗu a zama ɗaya. Na duba ƙididdigar don in ƙaryata shi. Shi ne na ɗaya, ni na tara.