Tuwon Iri a Ƙetaren Iyaka

Jiya maƙwabciyata ta ƙona busasshen ganyen darbejiya don korar sauro, hayaƙin ya tsallako katanga ya same ni ina duba aikin makarantar jikokina. Na ajiye jan biro. Warin toka da darbejiya tuwo yake tuna mini, wanda na ci a ƙasar waje ina 'yar shekara tara. Kada mai karatu ya hango jirgi da akwati. Da ƙafa muka shiga ƙasar, ni da kakata.

Shekarar fari ce, ta biyu a jere. A ƙauyenmu, arewa da Ɗambatta, gona manne take da gona, babu dajin da za a shiga neman abin sawa a baki. Muka cinye abin da ke rumbu, sannan muka cinye abin da ba a ci, wato irin shuka. Hadari ya fara leƙowa ta gabas, Baba ba shi da ƙwayar da zai jefa a rami. Kakata, mahaifiyarsa, tana da ƙane a wajen Magarya, cikin Nijar, mai geron da ke nuna da wuri. Lokacin an rufe iyaka, namiji da buhu ba ya wucewa. Sai ta ce ita za ta je, tare da ni, tunda ba mai binciken tsohuwa da yarinya mai goyo.

Goyon shi ne irin. Ƙanen nata ya ba mu mudu huɗu, ta naɗe shi a tsumma, ta ɗaura mini a baya, ta kifa masa hula. Na goyi 'ya'ya shida daga baya, ban sami mai haƙurin wannan ba. Ta gargaɗe ni cewa daminar gidanmu ce a bayana, kowa ya tambaya in ce barci yake.

A hanyar dawowa muka kauce wa jandarmomi, muka bi turbar jakuna, muka ɓata. Shekara talatin na yi ina koya wa yara cewa iyaka layi ce a taswira. Ni da na neme ta da ƙafa, ƙaya kawai na gani.

Da la'asar muka faɗa wani ɗan ƙauye mai bukkoki kaɗan. Wata mata da ta dawo daga rijiya ta gan mu, ba ta tambayi daga ina muke ba sai da ta ba mu ruwa. Mijinta ya tafi cin rani bai dawo ba, ya bar ta da yara uku masu siraran wuya. Ta shimfiɗa mana tabarma, ta ce a sauke jaririn ya sha iska. Kakata ta ce ba ya son a tashe shi. Matar ta daɗe tana kallon bayana. Na ji gumi na bin ƙashin bayana ta ƙarƙashin geron. Ta ce Allah ya raya, ta shige.

Can sai muka ji daka. A shekarar nan ƙarar turmi labari ce, maƙwabta kan kasa kunne. Kakata ta ɗaga murya ta ce kada ta wahalar da kanta, matar ta yi kamar ba ta ji ba.

Tuwo ya zo da miyar kuka, ba mai, ba daddawa. Ban taɓa cin abin da ya kai shi daɗi ba, kuma ina faɗin haka ne bayan na ci na Makka. Kakata ta kai loma ɗaya, ta tsaya da tauna. Ta ƙara biyu don ladabi, ta yi hamdala, ta mintsine ni a cinya, ta tashi alwala. Na ɗauka mintsinin na nufin in yi sauri.

A al'adarmu baƙo ba ya ganin gindin kwano. Yakan rage, don ragowar baƙo ita ce rabon yaran gida. An koya mini wannan, amma shekara biyu ba mu yi baƙo ba, ba mu kuma rage komai ba, darasin ya bi iska. Na cinye tas, na suɗe.

Uwar ta ce a ɗauko kwano. Babban yaron ya leƙa ciki, ya miƙa wa ƙaramin, shi kuma ya zagaya da yatsa ya kai baki. Ba wanda ya yi kuka, shi ya fi tsorata ni.

Kakata ta dawo ta ga kwanon, ta dube ni, ta dubi matar. A hankali ta ce, "Geron tulu ne?"

Iri ake ajiyewa a tulu, a cakuɗa da toka da darbejiya saboda ƙwari, kuma ko sau nawa aka wanke, harshen manomi sai ya gane. Matar ta ce akwai saura, tana kallon ƙasa. Tulun kuwa yana kwance a bakin bukka, bakinsa a buɗe.

Kakata ta dubi goyon da ke bayana. In ta ba ta daga irinmu, gonarmu ba za ta cika ba, gida kuma mutum goma sha ɗaya ne. In ma ta bayar a matsayin ladan tuwo, zagi ne. Sannan ta ce in matso, ta kwance zanen, ta raba geron biyu da hannunta.

"Ƙanwata, ajiya zan ba ki. Ƙasarmu ta gaji. Ki shuka mini wannan a taku, in ya yi zan zo karɓar iri."

Matar ta dubi tarin geron, ta ce, "Dama na ce jaririn nan ba shi da ƙafa." Sai ta rufe fuska da gefen mayafi. Da safe ita ta raka mu har turbar da ke fita Ɓaɓura.

A gida Baba ya jinjina ƙullin a hannu, ya tambaya ko kawunsa rowa ya yi. Kakata ta ce ajiya ta bari a hanya. Ya kai ƙullin ɗaki, ba a tuhumar uwa. Da ruwa ya sauka, iri ya ƙare gona ba ta ƙare ba, wani yanki wajen tsamiya ya zauna fayau. Sau ɗaya muke ci a yini har wata kakar. Kakata ba ta taɓa yi mini faɗa a kan tuwon ba, kuma da ta dake ni da ya fi mini sauƙi. Yankin nan, 'yan gidanmu suka sa masa suna Nijar.

Ta rasu ba ta je karɓar ajiyarta ba. Ban san sunan ƙauyen ba, ban san ko geron ya tsiro ba. Yanzu an yanka gonar fulotai, a kan Nijar ɗin akwai shagon cajin waya. Ni kuwa duk inda aka sa mini abinci, ko a otal ne, inda na san kwandon shara za a kai ragowar, sai na ture rabi gefen kwano. Jikokina sun ɗauka likita ne ya hana ni.