Alhaji Haladu da Kaset Ɗinsa na Iri

Bana shekara talatin da ɗaya ke nan da muka kai Alhaji Haladu makwancinsa a Funtuwa. Allah Ya jiƙansa, Ya kyautata namu zuwan. Waɗanda suka yi hulɗa da shi a fuloti, wato kasuwar auduga, sun riga sun faɗi abin da ya kamata a faɗa game da gaskiyarsa da taurin kansa, ba sai na maimaita ba. Abin da zan rubuta ƙarami ne, kuma na san wasu za su ga bai dace da furfurata ba. Magana ce ta wani kaset ɗin bidiyo na zanen mutanen Japan, irin wanda yara ke kira katun. Jikansa ne ya tayar mini da ita a watan da ya shige, da ya kawo mini sabon faifan wannan fim ɗin, ya ce an wanke shi tas, in zo in gani.

Ni da Haladu tare muka yi firamare. Ni na bi hanyar koyarwa har na zama hedimasta, shi kuwa ya zama malamin auduga. Aikinsa shi ne ya tsaya a fuloti bayan kaka, a Malumfashi ko a Maska ko duk inda aka tura shi, manomi ya kwance ƙunshinsa a gabansa, shi kuma ya tsoma hannu can ciki, ya zaro, ya ja zaren tsakanin yatsunsa, ya ɗaga wa rana, sannan ya yanke hukunci: lamba ɗaya, ko biyu, ko uku. Bai taɓa duba ta sama ba, domin ya ce kowa ya san inda ake ɗora mai kyau. Wannan ɗabi'a ta bi shi har gida. Tuwo yana da lamba a wurinsa, shadda tana da lamba, hatta huɗubar Juma'a ba ta tsira ba.

A farkon shekarun tamanin na turawa ya sauke farali. Alhazan shekarar sun dawo da darduma da agogo da rediyo, shi kuwa ya dawo da na'urar bidiyo da kaset guda ɗaya tak, wanda ya saya a wani kanti a Jidda, a rufe cikin ledarsa ta kamfani. Fim ne na iyali da aka zana a Japan aka sa masa muryoyin Larabci. Babu duka a cikinsa, babu mugu, babu wanda ya ɗaga wa wani murya. Wasu manoma ne a gindin dutse, da kakarsu, da yara biyu, da agwaginsu. Suna tuɓe takalmi a bakin ƙofa, suna rusunawa idan sun gaishe da babba, suna zama a ƙasa su ci abinci tare. Haladu ya ce da ni ranar da muka fara kallo: “Hedimasta, waɗannan mutane an yi musu tarbiyya. Ka duba yadda yarinyar nan ta miƙa ƙoƙo da hannu biyu.”

Wanda bai ga zamanin kaset ba zai yi wuya ya fahimci abin da ya biyo baya, don haka bari in yi bayani. Kaset zare ne siriri a naɗe. Duk lokacin da aka kunna shi sai ya goga a jikin kan na'ura, kuma duk gugar da ya yi sai ya rasa wani abu kaɗan wanda ba ya dawowa. Idan aka kwafa daga na asali, hoton ya ragu. Idan aka kwafa daga kwafi, ya ƙara raguwa. Kafin fim ya iso teburin mai saidawa a bakin tasha, ya bi ta hannu da yawa: launi ya zube ya haye iyakarsa, kore ya koma ruwan ƙasa, saman hoto yana lanƙwasa kamar ana hura shi, murya tana shuu kamar ana tankaɗe. Wani lokaci ma kana tsakiyar kallo sai bikin wasu mutane da ba ka sani ba ya faɗo, domin a kan tsohon kaset aka ɗora. Da yawa daga mutanen garinmu sun ɗauka haka fim yake tun daga inda aka yi shi.

Haladu bai ɗauka haka ba, domin ya ga na asali da idonsa. A nasa kaset ana ganin sawun burushin mai zane a jikin girgije. Ana bambanta koren shinkafa da koren ciyawar gefen kunya. Idan ruwa ya sauko ana jin saukarsa a kan jinka daban, a kan ganye daban. Da ya gane cewa kowane kallo yana rage wannan kyau, sai ya yanke shawara irin ta ma'aikacin auduga. Ya ce manomin kirki ba ya taɓa abin da ya ware domin shuka, kuma irin da aka yi ta juyawa hannu zuwa hannu lalacewa yake yi, shi ya sa kowace shekara ake raba wa manoma sabuwar angurya daga gidan gurza. Daga ranar ya sa wa kaset ɗin suna iri. Ya naɗe shi cikin farin ƙyalle, ya sa a akwatin ƙarfe, ya ɗora a kan kabad nesa da rana.

Ni ma na sayi tawa na'urar ba da jimawa ba, sai ta zama abokiyar aikinsa. Idan kwafin gida ya gaji, sai ya aiko in ɗauko tawa, mu haɗa su da waya, ya goge kawunan biyu da auduga lamba ɗaya, sannan a fito da iri. A wannan lokaci kaɗai yake juyawa. Ba a tsayar da shi, ba a mayar da shi baya don a sake ganin wani wuri, kuma ba a fara aikin sai ya tabbata masu wuta ba su da niyyar ɗaukewa, abin da ba wanda ya taɓa iya tabbatarwa. Yaransa da nawa da na maƙwabta, Musulmi da Kirista, duk a kan kwafi suka girma. Wani attajiri ya taɓa aiko da mota a ba shi aron na asali domin baƙin da suka zo masa suna. Haladu ya ba direban kwafi, ya ce: “Ka ce da Alhaji wannan lamba biyu ne, mai kyau. Lamba ɗaya ba ya fita unguwa.” Ni kaina na roƙa sau da yawa. Amsarsa ba ta sauya ba: “Kai da ka karanta Larabci, ai kunnenka ya ishe ka.”

Ana nan sai aka kawo mahaifiyarsa, Inna Kande, daga Gozaki. Yanar ido ce ta rufe mata gani. An kai ta asibiti a Malumfashi, likita ya duba ya ce yanar ba ta nuna ba tukuna, a jira ta nuna kafin a yi aiki, kamar yadda ake yi a wancan zamani. Sai ta zauna a gidan ɗanta tana jira. Mace ce da ta yi rayuwarta duka a gona, kuma wannan ce damina ta farko da aka yi shuka ba da hannunta ba. Ba ta yi ƙorafi ba. Sai dai ta rage cin abinci, ta rage magana, ta kan zauna a bakin ƙofa ta juya fuskarta wajen gabas idan hadari ya haɗu. Likita ya riga ya gargaɗe su cewa idan ta rame da yawa ba zai taɓa idon ba.

Wata rana bayan la'asar jikokinta suka ja ta gaban talabijin. Ina nan, domin ni nake fassara musu Larabcin. Ta matso har goshinta ya kusa taɓa gilashin. A cikin fim ɗin akwai wani wuri da kakar nan take fita dashe cikin yayyafi, ta sunkuya, tana ɗaukar tsiro daga dami tana kafawa. Babu magana a wurin ko kaɗan. Inna Kande ta ɗaga hannu.

Haladu ɗanta na fari ne, ba ta kiran sunansa. Ta ce: “Mai auduga, tsohuwar nan tana yanke kan ganyen kafin ta dasa, ko haka take kafawa?”

Ya duba. A kan kwafi hannun tsohuwar da damin tsiron sun zama dunƙule ɗaya, kore-kore. Ya ce: “Inna, tana yankewa.”

Ta ce: “Gani ka yi, ko faɗa kawai kake yi don in yi shiru? Idan ba ta yanke ba, rana ɗaya za ta kwantar mata da shi. A gaya mata.”

Yara suka fashe da dariya. Haladu bai yi dariya ba. Ya tashi ya shiga ɗaki, muka ji ƙarar akwatin ƙarfe. Ya fito yana warware farin ƙyalle. Babu na'ura ta biyu a gidan ranar, babu kaset ɗin da za a kwafa a kai. Ya sa iri, ya tura shi gaba da sauri har wurin dashen, abin da ya sha gaya mini yana cinye zare fiye da komai. Hoton ya fito. Ko ta cikin yanar idonta, layin zanen ya yi kaifin da ta iya bi: tsohuwar ta tattara kan ganyen a tafinta, ta murɗe, ta yar, sannan ta kafa, ta danne gindin da babban yatsa.

Inna Kande ta ce: “Yauwa. 'Yar gidan manoma ce. Mayar mini in sake gani.”

Na dubi Haladu. Ya mayar.

Haka aka yi ta yi har ƙarshen damina. Duk yammacin da aka sami wuta sai ta ce a kai ta wurin ƙawarta. Ba ta damu da sauran fim ɗin ba, ba ta taɓa tambayar yadda ya ƙare ba. Dashen take so, da ƙarar ruwan, a mayar, a sake mayarwa. Tana kallo tana yi wa tsohuwar gyara: ta matse tazara da yawa, ta bar agwagi sun shiga inda bai kamata ba. Ana cikin wannan gardama ake ajiye mata kwanon tuwo, ta cinye ba ta lura ba. Na ba Haladu shawara mu kwafi wurin shi kaɗai a sabon kaset. Muka gwada. Ta matso, ta duba, ta ce wannan ba ita ba ce, an kawo mata wata mai hazo a fuska. Haladu ya ce: “Ka ji. Inna ma ta san lamba biyu.” Aka koma kan iri.

Bayan kaka yanar ta nuna, aka yi mata aiki, ido ɗaya ya buɗe. Ta koma Gozaki inda babu wuta, ta yi wasu daminu da fartanya a hannunta kafin Allah Ya karɓi abinsa. Kaset ɗin kuwa, da muka sake haɗa na'urori domin yi wa yara sabon kwafi, farkonsa da ƙarshensa suna nan garau kamar ranar da aka sayo shi. Amma da aka iso wurin dashe sai fararen layuka suka keto hoton, tsohuwar ta riƙa rawa, ƙarar ruwan ta dusashe. Haladu ya kalla har wurin ya wuce. Ya ce: “Nan lamba uku ne.” Ban taɓa jin ya yi nadama ba. Duk kwafin da ya fita daga gidansa bayan wannan shekara yana ɗauke da waɗannan layuka.

Na kan tambayi kaina abin da zai ce da zamanin nan. Faifan kasuwa da ake cusa wa fina-finai barkatai har fuskoki su koma tubali-tubali, na san zai kira shi tsintuwar ƙarshen kaka, wadda ake haɗawa da kara da ƙasa. Kallo a wayar hannu, inda dutse da gona da kaka duk ba su kai tafin hannu ba, ga hoto yana tsayawa duk lokacin da sabis ya yi rauni, ba na jin zai kira shi kallo. Amma ba zan yi wa zamani rowar yabo ba. Faifan da jikansa ya kawo mini aiki ne na mutanen da suka san darajar abin da ke hannunsu. Sun koma kan zanen asali, ba su yanke gefen hoto ba, ba su ƙara wa launi ƙarfi don ya burge yara ba, sun bar sawun burushi a jikin girgije, sun dawo da muryoyin Japan tare da na Larabci. Kuma an ce ko sau nawa aka kalla ba ya raguwa. Da Haladu ya ji wannan, da sai ya nemi kujera ya zauna. Zai duba tsakiya, ba farko ba, kamar yadda ya saba, sannan ya ba shi lamba ɗaya ba tare da gardama ba.

Auduga ta ja baya a ƙasarmu, fulotan da ya yi aiki a ciki yawancinsu sun zama filin ƙwallo ko shaguna. Na'urorinmu biyu sun daɗe da mutuwa. Akwatin ƙarfen yana wurin babbar 'yarsa, da kaset a ciki, ba abin da za a kunna shi da shi. Abin da ya rage na Haladu shi ne idon da ya bar wa 'ya'yansa da namu, wanda ba ya karɓar abu don kawai an ce haka ake samu, da kuma sanin cewa mutumin da ya hana attajiri, ya hana amininsa, shi ne ya tsaya da yatsa a kan maɓalli yana cinye abin da ya fi so, yammaci bayan yammaci, don tsohuwa ta ci tuwo.

Mun kalli sabon faifan ni da jikan nasa da mahaifiyar yaron, wadda tana cikin yaran da suka yi dariya a wancan yammaci. Da aka iso wurin dashe hoton ya fito tsaf, kowane ɗigon ruwa a wurinsa, babu layi ko ɗaya. Yaron ya juyo yana jiran yabo. Mahaifiyarsa kuwa ta tsura wa hoton ido. Can ta ce: “Baba Hedimasta, sun goge wurin Inna.”