Hoton da Inna Ba Ta Fito Ba

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mahaifiyata, Inna Dije. Hotonta ɗaya ne tak a duniya, kuma ni na ɓata shi.

Ranar da na karɓi takardar kammala yaƙi da jahilci, ina da 'ya'ya biyar, na sa aka ɗauko mai hoto daga Ɗanbatta har ƙauyenmu. Inna ce ta riƙe mini yaran shekara uku ina zuwa aji. Tana zaune a bakin ɗakinta, cikin inuwa, ciwon gwiwa ya hana ta tashi. Ni kuwa na tsaya tsakar gida, rana tsaka, na ɗaga takarda.

Mai hoto ya ce, "Hajiya, kyamarar nan ba ta haɗa rana da inuwa. Ki matsa kusa da tsohuwa, in ba haka ba ɗayarku ce za ta fito."

Na ce, "Malam, rubutun takardata nake so a gani. Danna!"

Inna ta ce, "Ƙyale ta, ɗan nan. Yau ranarta ce."

Aka wanko hoto. Ga ni fes, Inna kuwa baƙin dunƙule. Wallahi ban ma lura ba sai bayan an yi mata sadakar arba'in.

Kwanan baya 'yata Rabi, mai karatu can wajen Rijiyar Zaki, ta nuna mini wani abu a wayarta, wai HDR. Wayar kan ɗauki hotuna da yawa a ƙiftawar ido, wani don haske, wani don duhu, ta haɗe su. Ta ce ana kunna shi idan wani na rana wani na inuwa, amma ban da mai motsi, don yakan fito bibbiyu. Inna ba ta motsa ba. Da irin wannan wayar aka ɗauke mu, da ta fito sarai.

Da tana raye, cewa za ta yi, "To, a ɗauki gonar gyaɗata, ni me za a kalla?" Ba ta taɓa neman a gan ta ba. Ba kuma zan ɗora wa kyamara laifi ba. Taku uku ne tsakanina da ita.

Yanzu fuskarta ta fara kufce mini. Rabi ta ce akwai masu sa na'ura ta zana fuska a gurbin baƙin. Na ƙi. Ba zan rataye baƙuwa in ce uwata ce ba.

Jiya na sa tabarau na sake dubawa. A ƙasan hoton, inda inuwar ta ƙare, yatsun ƙafarta sun leƙo rana, duk kaushi, da ƙasar gona a farce. Su na nuna wa jikokinta. Allah Ya haskaka kabarinki, Inna.